Jinyar wanda aka yi wa tiyatar kansar huhu: abin da za ka yi a kwanakin asibiti

Kwana 9 muka yi a asibiti da Baba bayan an cire masa ɓangaren sama na huhunsa na dama, kuma ni na kwana da shi duk waɗannan dararen tunda ɗakin maza ne, Inna sai da rana take zuwa. Tun bayan nan mutum biyu uku sun kira ni suna tambaya ya abin yake, me za su shirya, me za su tarar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Ni ba likita ba ne, abin da na gani ne da idona da kuma abin da likitoci da nas-nas da mai fisiyo, wato mai koya wa majinyata motsa jiki da atisayen numfashi, suka yi ta nanata mana har ya zauna min a kai. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi wa naku aiki to tasa za ku bi, shi ya buɗe ƙirjin ya ga abin da ke ciki.

Bari in fara da abin da ya fi ba mu wahala, wato tausayi. Washegarin tiyata wajen ƙarfe goma na safe mai fisiyo ta shigo ta gaida Baba ta ce ya tashi ya zauna a bakin gado, in ya ɗan daidaita kuma ya miƙe tsaye. Inna kam ba ta iya yin shiru ba, ta ce "Haba 'yar nan, jiya-jiya fa aka yi wa bawan Allahn nan aiki, ki bar shi ya huta mana." Ita kuma cikin ladabi ta ce "Hajiya, kwanciyar ce za ta cutar da shi, ba tashin ba." Wallahi a lokacin ni ma zuciyata tana tare da Inna, amma gaskiyar tana wajen yarinyar. Mutumin da aka yi wa aiki a ƙirji in ya kwanta shiru yana numfashi sama-sama saboda tsoron zafi, ƙananan jakunkunan iskar da ke ƙasan huhu sai su manne, majina ta taru a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kafin ka ankara zazzaɓi ya rufe shi an ce nimoniya ce. Ga kuma jini da ke daskarewa a jijiyoyin ƙafa in ba a motsi. To aikin mai jinya duka a nan yake: a kashe masa zafi yadda zai iya jan numfashi mai zurfi, ya yi tari, ya tashi ya taka. Sauran abubuwan da zan faɗa duk wannan suke yi wa hidima.

Tun kafin a shiga tiyata ka tambayi likita wane irin aiki za a yi, don jinyar ba ɗaya ba ce. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu. Mafi yawanci kashi ɗaya ake cirewa gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kusa da shi, irin wanda aka yi wa Baba kenan. Wani lokacin ɗan yanki kawai za a gutsure, wani lokacin kuma huhu guda sukutum za a cire, wannan ya fi nauyi kuma dokokinsa daban ne, har gefen da zai kwanta da yawan ruwan da za a ƙara masa sai yadda likita ya tsara. Sannan akwai hanyar shiga: ko a yi doguwar yanka a gefen ƙirji a buɗa tsakanin haƙarƙari, ko a yi ƙananan huda a shiga da kyamara. Mai kyamarar ya fi saurin sallama, wasu kwana uku zuwa biyar sun tafi gida, mai doguwar yankar kuwa ka sa ran sati guda ko sama da haka. Na Baba doguwar yanka ce. Ka kuma shirya masu ba da jini tun da wuri, kada sai ranar a fara kiran 'yan uwa a waya.

Daren farko yawanci a ɗakin kulawa ta musamman zai kwana, kuma in aka bar ka ka leƙa shi kada gabanka ya faɗi. Za ka ga robar iska a hanci ko abin rufe baki da hanci, ƙarin ruwa a hannu, robar fitsari, wayoyi manne a ƙirji suna tafiya wani allo mai ƙara ƙit ƙit, ɗan matsi a yatsa mai auna iskar jini, sai kuma babban tiyo da ya fito daga gefen ƙirji ya sauka cikin kwalba a ƙasa. Duk wannan haka ake yi wa kowa, ba alamar abu ya lalace ba ne. Muryarsa za ta iya dishewa, maƙogwaro na masa zafi saboda robar da aka zura masa lokacin da yake cikin barcin allura. Tsofaffi kuma wani lokacin sukan ruɗe da daddare, su yi ta sambatu ko su nemi fizge robobi, Baba a dare na biyu ce min ya yi in je in duba ko an kulle shago alhali ya fi shekara biyar da barin shagon. In ka ga haka ka gaya wa nas nan take, don yana iya zama ƙarancin iska ko magani ko zazzaɓi ne ke tasowa, kada a tsaya ana cewa iska ce ko sammu. Kuma dan Allah kada ka taɓa makunnin ƙarin ruwa wai ka ga yana ɗiga a hankali, huhun da aka yi wa aiki ba ya son ruwa ya yi yawa a jiki, da gangan suke rage gudun. Haka makunnin oksijin, ba naka ba ne. In leɓensa ya bushe kada ka shafa masa basilin yana kan oksijin, mai da oksijin ba sa haɗuwa saboda gobara, ka jiƙa auduga da ruwa ka goga masa.

Yanzu tiyon ƙirji, wanda shi ne zai zama abokin zamanka na kwanaki. Aikinsa shi ne fitar da iska da jini da ruwan da ke taruwa tsakanin huhu da bangon ƙirji don sauran huhun ya buɗe ya cike gurbin. Bakin tiyon yana nutse cikin ruwa a kwalbar, ruwan nan shi ne ƙofa, yana barin iska ta fita amma ba ya barin ta koma. Shi ya sa dokar farko ita ce kwalbar kullum tana ƙasa da ƙirjinsa kuma a tsaye. Kada ka ɗaga ta ka ɗora kan gado ko kan loka wai za a share ƙasa, in ta yi sama abin da ke ciki zai iya komawa ƙirji. In zai tafi banɗaki ka riƙe ta ƙasa-ƙasa wajen gwiwa kana binsa. Kada ka zubar da abin da ke ciki ko da ya ba ka ƙyama, nas suna auna yawansa kullum suna rubutawa, da wannan lissafin likita zai san ranar cirewa. Kada ka matse tiyon, kada ka ɗaure shi, kuma duk sanda ya juya ka duba bai kwanta a kai ba bai lanƙwashe ba. Masu shara da yara 'yan dubiya su ne suka fi yin karo da kwalbar nan, ni sai da na mayar da kujerata gefen da take na zauna kamar mai gadi.

Za ka ga ruwan cikin tiyon yana hawa yana sauka tare da numfashinsa, wannan daidai ne. Za ka kuma ga kumfa tana tashi in ya yi tari a kwanakin farko, iska ce ke ɗan yoyo daga inda aka ɗinke huhun, yawanci da kanta take toshewa. Ta Baba sai da ta kai kwana shida, abin da ya riƙe mu kenan, likitoci suna cewa in ta wuce kwana biyar ta ɗan daɗe amma ba baƙon abu ba ne. Ruwan da ke fita da farko ja ne, sai ya koma ruwan hoda, sai ya koma kamar ruwan shayi marar madara. Abin da za ka tashi da gudu a kai shi ne in ka ga jini ja wur yana cika kwalbar da sauri, ko tiyon ya rabu da kwalbar, ko kwalbar ta kife, in ta kife ka tayar da ita tsaye ka kira nas. In kuwa tiyon ya zare daga jikinsa gaba ɗaya ka danne ramin da bandeji mai tsabta ko tafin hannunka ka ɗaga murya, wannan ba lokacin sallama da jiran a amsa ba ne. Wani abu kuma, in ka taɓa fatar ƙirji ko wuya ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar leda a ƙarƙashi, iska ce ta shiga ƙasan fata, kaɗan ba komai amma in tana yaɗuwa fuska na kumbura a sanar da likita.

Sai maganar zafi, a nan kam dole in daɗe don a nan muke cutar kanmu. Dattawanmu an raine su da dauriya, namiji ba ya raki, in likita ya ce Baba ya jiki sai ya ce Alhamdulillahi da sauƙi, alhali yana riƙe da ƙarfen gado gumi na keto masa. Godiya ga Allah wajibi ce, amma likita ba ya ganin zafi da ido, abin da aka faɗa masa da shi yake aiki. In an ce da sauƙi sai ya rage magani, in an rage magani ba zai iya tari ba, in bai yi tari ba mun koma maganar nimoniya. Ni abin da na yi shi ne kafin likitoci su zo zagaye sai in tambaye shi mu biyu, Baba in sifili babu zafi goma kuma zafin da ya fi kowane, nawa kake ji in kana kwance, nawa in ka yi tari? Sai ya ce uku a kwance, takwas da tari. To wannan takwas ɗin ita nake gaya wa likita a gabansa, da farko bai so ba amma da ya ji bambanci shi da kansa ya fara faɗa.

Hanyoyin kashe zafin suna da yawa, wasu za a sa musu siririyar roba a baya mai kai maganin kashe jijiya kai tsaye, wasu allurai ne irin su morfin ko fentazosin, sai farasitamol a kai a kai, daga baya a koma ƙwayoyi. Na san yadda sunan tiramadol da kodin ya ɓaci a wurinmu saboda abin da suka yi wa matasa, har wani kawunmu ya ce kada a bari a saba wa Baba da ƙwaya. Amma maganin da likita ya auna ya bayar na 'yan kwanaki saboda an buɗe haƙarƙarin mutum daban yake da shaye-shaye, hana shi zalunci ne. Kada a jira sai zafi ya kai maƙura kafin a nema, a sha a kan lokacinsa, kuma ka roƙi nas a ba shi kamar rabin awa kafin mai fisiyo ta zo. Abin lura kawai, in ya cika barci har da ƙyar ake tada shi ko numfashinsa ya yi jinkiri sosai, a kira nas. Kuma kada ka fita kemis ka sayo diklofenak ko ibufurofen ka ba shi a ɓoye, suna iya taɓa ƙoda da ciki su kuma ƙara zubar jini, in sun dace da shi likita zai rubuta. Ciwon kafaɗa a gefen da aka yi aikin shi ma ana yawan samu, ba wani sabon ciwo ba ne, a faɗa dai.

Atisayen numfashi ba wuya gare shi ba, naci yake so. A tada kan gado ya zauna sosai, kwanciya shamal ba ta taimakon huhu. Ya ja iska ta hanci a hankali har ya ji gefen haƙarƙarinsa ya buɗe, ya riƙe kamar daƙiƙa uku, ya sake ta baki. Akwai wata 'yar roba mai ƙwallaye uku da ake sayarwa a manyan kemis, za su ce ka sayo, to ka sani zuƙa ake yi ba hurawa ba, mutane da yawa a ɗakinmu hurawa suke ta yi suna mamakin ƙwallon bai tashi ba. Ya zuƙa a hankali ƙwallon ya tashi ya ɗan tsaya a sama, tsayawar ta fi yawan ƙwallayen muhimmanci. Sau goma a kowace awa in yana farke. Ni agogon waya na saita, kuma na lura in na ce Baba lokaci ya yi sai ya ɓata rai, amma in ƙaramar jikarsa ta riƙe masa robar tana ƙirgawa sai ya yi har da ƙari.

Tari shi ne abin da ya fi tsoro, gani yake ɗinkin zai farke. Ba zai farke ba, an ɗinke shi da sanin za a yi tari. Ka naɗe tawul ko ka ba shi ƙaramin filo ya rungume a kan wurin yankar ya danna da hannu, ya ja numfashi mai zurfi sau biyu uku, sannan ya yi tari mai ƙarfi guda ɗaya ko biyu, ba ƙananan gyaran murya ashirin ba da ba sa fitar da komai sai gajiya. In tarin ya gagara ya buɗe baki ya fitar da iska da ƙarfi, hah, kamar mai son goge tabarau, wannan yana turo kakin sama. Ya tofar a tishu ka duba, kwanakin farko za ka ga tsohon jini baƙi-baƙi a ciki ba komai, amma in ya koma kore ko rawaya mai kauri da wari, ko jini sabo mai yawa, a nuna wa nas. Shan ruwa daidai yadda aka yarda masa yana sa kakin ya yi laushi. Kada a ba shi maganin hana tari, tarin nan muke nema.

Tafiya kuwa da kaɗan ake farawa, ranar farko daga gado zuwa kujera, washegari zuwa ƙofar ɗaki, sannan baranda. Ya fara zama a bakin gado ƙafa na lilo na ɗan lokaci kafin ya miƙe saboda jiri, kuma tashin farko a yi shi da nas ko mai fisiyo a wurin. Haki kaɗan ba laifi ba ne, in yana iya magana yana tafiya to a ci gaba. Zuwa kwana na huɗu muna zagaya barandar sau uku sau huɗu a rana, ni da kwalba shi da sandar ƙarin ruwa. A gado ma ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Za su riƙa yi masa wata ƙaramar allura a fatar ciki kullum, irin su Clexane, ta hana daskarewar jini ce, mai ciwon kansa da aka yi wa tiyata yana cikin waɗanda suka fi haɗarin wannan, saboda haka ko tsada ta yi kada a tsallake ta ba tare da an yi magana da likita ba. Hannun gefen da aka yanka shi ma ya riƙa ɗaga shi sama a hankali, ya taje kai da shi, ya sa hula da shi, in ba haka ba kafaɗar sai ta sandare.

'Yan dubiya. Dubiya lada ce kuma tana ƙarfafa zuciyar marar lafiya, ba zan ce a hana ba, amma yadda muke yin ta mutum goma sha biyar a kewaye da gado ɗaya ana ta gaisawa hannu da hannu, ga mai mura ga mai tari ga jariri, wannan ba alheri ba ne ga wanda aka yanke wa huhu. Ku samu babba ɗaya a dangi wanda ake jin nauyinsa ya sanar cewa kwana uku na farko addu'a daga gida ta wadatar, bayan nan bibbiyu a taƙaice, mai mura ya yi waya, kowa ya wanke hannu. In yaro ne ya faɗa za a ce rashin kunya, in babban wa ne ya faɗa shikenan an wuce wurin. Sannan turare, mata su yi haƙuri da humra mai ƙarfi ranar zuwa asibiti, turaren wuta kuwa ko a gida bayan sallama a ɗaga masa ƙafa, haka hayaƙin icce da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, a sa gidan sauro. Wanda ya sha sigari kada ya zo ya zauna kusa da shi da warin a riga. Shi kansa majinyacin in yana sha to an rabu kenan, har shisha, kuma in ƙishirwar tabar na damunsa a gaya wa likita akwai abin da ake taimakawa da shi.

Abinci ba wani sirri a ciki. Da zarar an ce ya fara ci a fara da ruwa-ruwa, kunu, shayi, farfesu marar yaji sosai, sannan a shiga abinci sosai. Rauni da abinci mai gina jiki yake warkewa, ƙwai, kifi, kaza, wake, alala, kindirmo mai tsabta, kunun gyaɗa da madara. Masu cewa ƙwai ko madara na sa rauni ruwa ba gaskiya ba ne. Ba zai ji sha'awar ci ba, saboda haka kaɗan-kaɗan sau biyar sau shida ya fi a tula masa tuwo a ce sai ya cinye, cikin da ya cika tim yana danne numfashi. Ya ci a zaune, kuma in ka ga yana ƙwarewa duk sanda ya sha ruwa musamman in muryar ta ƙi dawowa, a dakata a gaya wa likita. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, kuma yunƙurin bayan gida da yanka a haƙarƙari azaba ce, to tun kwana na biyu ka tambayi maganin laushin ciki, a haɗa da gwanda, kankana, lemo, zogale, miyar kuɓewa. Mai ciwon suga a bi abin da aka tsara masa, kada 'yan dubiya su cika shi da lemon kwalba.

Za a kawo muku magunguna iri-iri daga gida, jiƙe-jiƙe, garin kaza, sassaƙen kaza, kowa da wanda ya warkar da maƙwabcinsa. Da kyakkyawar niyya suke kawowa, ka karɓa ka yi godiya ka ajiye, amma kada komai ya shiga bakinsa sai ka nuna wa likita, domin yana kan allurar tsinka jini kuma hanta da ƙoda suna fama da magunguna, ba ka san me zai yi karo da me ba. Kada a shafa komai a kan ɗinkin, kada a gasa wurin da ruwan zafi. Addu'a da karatun Alƙur'ani a kusa da shi kuwa a yawaita, Baba ba abin da ke kwantar masa da hankali da daddare kamar a sa masa karatu ƙasa-ƙasa a waya.

Salla ta dame shi ƙwarai, ranar da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya kenan. Addini ya sauƙaƙa, wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda ba zai iya zama ba ya yi a kwance da ishara, in alwala za ta wahalar ko ta jiƙa ɗinki ya yi taimama. Na ajiye masa ɗan dutse mai tsabta a loka don kada a shigo da ƙasa mai ƙura. Da tiyo a ƙirji ba a durƙusawa har ƙasa, ya sunkuyar da kai kawai. In jinyar ta faɗo a azumi ya sha ya rama daga baya, magani da ruwa ba sa jira.

A dare na uku wajen ƙarfe biyu Baba ya ce min zuciyarsa na bugawa kamar ana kaɗa ganga ba tsari, na taɓa wuyan hannunsa na ji bugun na tsalle-tsalle. Na taso nas, aka kira likita, aka yi gwajin zuciya aka ba shi magani, zuwa yamma ta daidaita. Ashe abu ne da ke yawan faruwa a kwana na biyu zuwa na uku bayan aikin huhu, kuma yana jin magani in an kama da wuri. Irin abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu kenan, tare da numfashin da ya tsananta farat ɗaya, sabon ciwon ƙirji daban da na yankar, zafin jiki da ya kai 38, leɓe ko farce ya canza launi, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, fitsari ya ragu sosai, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa mai wari. Da dare ma'aikata kaɗan ne kuma a gajiye suke, ka je da ladabi amma ka faɗi abin da ka gani ƙarara, in ba a zo ba ka koma.

Ka sayi ɗan littafi da biro tun ranar farko. Likitoci da sassafe suke zagaye kuma minti biyar ne sun wuce, in ba ka rubuta tambayoyinka ba sai sun fita za ka tuna. Ka rubuta sunayen magunguna da lokutansu, ka adana rasit da hotunan ƙirji a leda ɗaya, in kuna da inshorar lafiya ka nemi ofishinsu tun kafin tiyata ka ji me suke biya. Mutum ɗaya ya zama mai magana da likitoci, ba kowa ya zo da tasa tambayar a ruɗe ba. Abu mafi muhimmanci kuma da ake mantawa cikin hidima shi ne naman da aka cire. Ana kai shi ɗakin gwaji ne a duba irin kansar, ko an cire ta da gefenta duka, ko ta taɓa kaluluwa, kuma wannan sakamakon ne zai nuna ko tiyatar ta wadatar ko sai an bi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ko wani magani. A wasu asibitocin 'yan uwa ake miƙa wa robar su kai su biya, to ka kai a ranar, ka karɓi lamba, ka tambayi ranar dawowa ka kuma bibiya, namu sati uku ya ɗauka. In za a yi kemo cikin makonni bayan tiyata ake so a fara, kada takarda ta kwanta a wani ofis wata da watanni. Kuma ra'ayina, kada a ɓoye wa majinyaci sunan ciwonsa. Mun so mu yi hakan, Baba ya kalle ni ya ce "Kai, jikina ne fa, gaya min." Da ya sani sai ya fi ba da haɗin kai a komai.

Cire tiyon bai kai yadda ake tsoro ba. In kumfa ta tsaya, ruwan ya ragu, hoto ya nuna huhu ya buɗe, za a ba shi maganin zafi, a ce ya ja numfashi ya riƙe, a zare cikin daƙiƙoƙi a ɗaure zaren da ke bakin ramin, daga baya a sake hoto. Daga nan yawanci sallama ta kusa. Kafin ku fita ka tabbatar ka san ranar cire zare, wanda na ramin tiyon kamar sati guda ne, ranar komawa asibiti, yadda za a rage maganin zafi, ko zai ci gaba da allurar hana daskarewar jini a gida, da lambar da za a kira in wani abu ya taso. Ka tambayi yaushe zai yi wanka sosai, yaushe zai yi tuƙi, yaushe zai iya hawa jirgi in akwai niyyar Umara, don ba a hawa sai likita ya yarda. Kusan sati shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba jarkar ruwa ba buhu ba cicciɓar jikoki. Gajiya za ta daɗe, haka jin dindiris ko tsira-tsira kamar allura a ƙasan nono da gefen haƙarƙari, jijiyoyin da aka taɓa ne, yana iya kai watanni, in ya hana barci akwai maganinsa daban. Robar ƙwallayen nan ku tafi da ita gida, tafiyar ma a ci gaba kullum ana ƙarawa.

Ranar tafiya kada a ɗora shi a babur ko Keke, a samo mota, ya zauna a gaba a ɗan kwantar da kujera, a sa filo tsakanin bel da ƙirjinsa, a ba shi maganin zafi kafin a tashi. Mu lokacin hunturu ne ga hazo, sai muka rufe gilasai ya sa takunkumi, na roƙi direba ya bi ramuka a hankali, kuma da yake tafiyar ta kai awa uku sau biyu muka tsaya ya sauko ya ɗan taka a bakin hanya kafin mu ci gaba.